Tsoho a kwance, kuɗinsa a banki: wa zai sa hannu?

Ranar 1 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe, tun a 1990, domin tunawa da tsofaffi. A irin wannan rana ce kuma, a shekarar 2014, wani umurni na Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, ya fara aiki, wanda ya wajabta wa bankunan ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa su riƙa yi wa jama'a ayyuka 19 kyauta, cikinsu har da buɗe asusu da rufe shi. Fiye da shekaru goma ke nan, amma idan mai karatu ya zagaya unguwannin Zango, Birni, Garin Malam ko Sabon Gari ya tambayi masu jinyar iyayensu a gida, zai tarar abu ne mai wuya ƙwarai a buɗe wa tsohon da ba ya iya fita asusun banki da sunansa, duk da cewa kuɗin nasa ne, kuma doka ta ba shi dama.

Wannan magana ba ta masu hannu da shuni ba ce. Magana ce ta kuɗin magani, da kuɗin hatsi, da mutuncin dattijon da ya yi wa ƙasa aiki ko ya yi noma shekara arba'in, yau kuma ya koma sai an tayar an kwantar. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, duk ranar da muka taɓo batun fansho ko kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida, wayoyi ba sa tsayawa, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce: mahaifina ba ya iya tashi, banki ya ce sai ya zo da kansa, yaya zan yi?

Su wane ne waɗannan tsofaffi?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Nijar na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a, da kimanin miliyan 3 da rabi. Waɗanda suka haura shekara 60 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, shi ya sa ba kasafai ake jin muryarsu ba idan ana tsara manufofi. A ƙasarmu ba a saba kai tsoho gidan kula da gajiyayyu ba, kamar yadda ake yi a Turai. Gidan kula da tsoho shi ne ɗakin da ɗansa ya keɓe masa, ko gadon babban asibitin Damagaram idan ciwo ya yi tsanani, mai kula da shi kuwa ɗiya ce, ko suruka, ko jika.

Cikin waɗannan tsofaffi akwai kashi uku da batun asusu ya fi shafa. Na farko su ne tsoffin ma'aikata masu karɓar fansho, ko dai daga CNSS ga waɗanda suka yi aiki a kamfanoni, ko daga CARENI ga ma'aikatan gwamnati. Na biyu su ne matan da mazajensu suka rasu suka bar musu rabon fansho, kuma yawancinsu ba su taɓa shiga banki ba ko sau ɗaya a rayuwarsu. Na uku, waɗanda suka fi yawa, su ne manoma da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu da ƙarfi ya ƙare, suna rayuwa da abin da ƴaƴa ke aikowa daga Yamai, Agadas, Kano, Aljeriya ko Libiya. Dukkansu suna da kuɗin da ke shigowa, kaɗan ko da yawa, kuma dukkansu kuɗin na bi ta hannun wani kafin ya iso gare su. A nan ne gizo ke saƙa.

Abin da doka ta tanada

Mutane da yawa ba su san cewa buɗe asusu haƙƙi ne da aka rubuta ba. A ranar 19 ga Satumba 2002, majalisar ministocin ƙungiyar UEMOA ta amince da ƙa'ida mai lamba 15/2002 kan hanyoyin biyan kuɗi. Sashe na 8 na wannan ƙa'ida ya ce duk mutumin da ke zaune a ɗaya daga ƙasashen ƙungiyar, mai samun kuɗin shiga a kai a kai, yana da haƙƙin a buɗe masa asusu. Idan bankuna uku suka ƙi shi ɗaya bayan ɗaya, Babban Banki na iya nuna wani banki ya tilasta masa buɗe asusun, tare da mafi ƙarancin ayyukan da ba a hana kowa: a riƙe masa asusun, a ba shi aƙalla hanya ɗaya ta biyan kuɗi, ya iya aikawa da karɓa, kuma a riƙa ba shi takardar bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita.

A watan Mayu 2003 BCEAO ya fayyace abin da ake nufi da kuɗin shiga a kai a kai, wato jika 50 ko fiye. Ga mai albashi, jika 50 a wata. Ga wanda ba ma'aikaci ba kuwa, ana iya lissafa kuɗin a wata, ko wata uku, ko wata shida, har ma shekara. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin yana nufin tsohuwar da ɗanta ke aiko mata jika 10 duk wata ta cika sharaɗi idan aka tara na shekara, in dai akwai shaidar da za a nuna. Saboda haka waɗannan ƴan takardun da ake ba mutum a NITA, Al Izza ko Amana idan ya karɓi saƙo, waɗanda muke yarwa a bakin ƙofa ko mu ƙunshe ƙosai da su, su ne hujjar tsoho ranar da ake buƙata. Abin mamaki kuma, mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 daga farkon 2024, bai kai ma'aunin mai albashi ba.

Sai kuma umurnin 2014 da muka ambata. Buɗe asusu kyauta ne, littafin ajiya kyauta ne, kula da asusun ajiya mai littafi kyauta ne, zuba kuɗi da cire su a bankin mutum kyauta ne, haka ma karɓar kuɗin da aka turo masa daga cikin gida ko daga waje. Amma akwai wurare biyu da ya kamata mai jinya ya buɗe ido. Na ɗaya, kuɗin kula da asusun yau da kullum, wanda ake zuba albashi ko fansho a ciki, ba ya cikin jerin na kyauta, banki na yankar abinsa. Na biyu, cire kuɗi da cakin da ake cikawa a gaban kanta an fitar da shi daga cikin na kyauta. To wa ya fi amfani da irin wannan caki? Wanda ba shi da littafin caki kuma ba ya iya aiki da kati, wato tsohon da bai yi boko ba. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi shi ke biyan abin da mai ƙarfi ke samu a banza.

Inda ake tuntuɓe

Tuntuɓen farko takardu ne. Dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci sun wajabta wa banki ya san wanda yake hulɗa da shi, don haka sai an kawo katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, da hotuna, da shaidar wurin zama. Shi kuma katin ɗan ƙasa yana buƙatar takardar haihuwa. Tsofaffinmu da yawa an haife su lokacin da ba a rubuta haihuwa a ƙauye, shi ya sa za ka ga takardunsu an sa an haife shi wajajen shekara kaza, babu rana babu wata. Wasu sunan da ke kan takardar fansho daban yake da na kan kati, an rubuta Mahamadu a nan, Mamman a can, saboda kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Wanda ba shi da takardar haihuwa sam sai an je kotu da shaidu an yi masa hukuncin da zai maye gurbinta, kuma shaidun da suka san haihuwar mai shekara 80 ba su da yawa a doron ƙasa.

Tuntuɓe na biyu shi ne zuwa da kai. Banki yana son ya ga mai asusu ido da ido, kuma yana da hujja, tunda an sha buɗe asusu da sunan mamaci ko wanda bai sani ba. Amma wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar fa? Nan ne za ka ga an ɗauko dattijo a bayan babur, jika a gaba ɗa a baya suna tallafe da shi, ko an yi shatar mota daga Mirya, Magarya ko Tanut, a zo a zaunar da shi a layi cikin zafin watan Afrilu. Rassan bankuna sun taru ne a cikin birni da ƴan manyan garuruwa, mutumin ƙauyen Gure ko Dungas kuwa kuɗin motarsa da na mai rakiyarsa kan cinye wani kaso mai tsoka na abin da ya zo ɗauka.

Na uku sa hannu ne. Wanda bai iya rubutu ba akan karɓi dangwalen yatsansa, galibi a gaban shaidu. Wanda ya iya kuma, tsufa kan sa hannu ya riƙa karkarwa, sa hannun yau ya saɓa da na shekara goma baya, ma'aikaci ya ce bai yarda ba. Kada kuma mu manta da dattawan unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin masu fama da kuturta ne, inda akwai waɗanda cutar ta raba su da yatsun da za su dangwala. Akwai makafi, akwai kurame. Duk tsarin da ya dogara ga yatsa ko sa hannu kawai ya bar waɗannan a waje tun kafin su iso ƙofa.

Na huɗu harshe ne. Takardun yarjejeniyar buɗe asusu da Faransanci suke, da ƙananan haruffa, shafi bayan shafi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan har wannan mataki zai taɓa rayuwar talaka, to ɗaya daga wuraren da ya kamata a fara gani shi ne kantar banki, inda mutum ke dangwala yatsa kan abin da ba a karanta masa ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ba abin mamaki ba ne da binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na manyan mutane a Nijar ke da asusu, ko na banki ko na waya, wanda ya sa ƙasar cikin na can ƙasa a duniya.

Tsoho ma yana da hujjarsa

Ba daidai ba ne a ɗora komai kan bankuna, domin sau da yawa tsohon ne da kansa ke cewa a bar masa kuɗinsa ƙarƙashin matashin kai. Kafin mu ce jahilci ne, mu tuna abin da idonsa ya gani. Ya ga rushewar bankin raya ƙasa, BDRN, a 1990, lokacin da masu ajiya suka sha wahala kafin su ga kuɗinsu. Ya ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994. Kwanan nan kuma ya ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, takardun kuɗi suka yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa, mai kuɗi ya wuni a layi yana roƙon abinsa. Sai a ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai ajiyar gida ita ma tana da nata tarihin. Mutanen Damagaram, da kasuwancinsu ke haɗe da Kano da Daura, ba su manta da 1984 ba, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta canza launin naira cikin ƙasa da mako biyu, iyakoki kuma a rufe, nairar da ke cikin tukwane da akwatuna a wannan ɓangaren ta zama takarda. A 2004 BCEAO ya janye takardun kuɗi samfurin 1992 tsakanin 15 ga Satumba da 31 ga Disamba, aka ƙara ɗan lokaci a farkon 2005, kuma wanda labari bai kai masa ba, ko ya ɓoye kuɗinsa bai gaya wa kowa ba, ya yi asara. A farkon 2023 sauyin fasalin naira ya sake girgiza kasuwanninmu. A duk waɗannan lokuta, wanda kuɗinsa ke cikin asusu bai yi asarar canji ba. Ga kuma gara, ga gobara, ga ɓarawo, wanda wani lokaci ɗan gida ne.

Akwai wani abu kuma da ba a cika gaya wa jama'a ba. Tun 2014 aka kafa asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa na yammacin Afirka, wanda idan banki ya durƙushe zai biya kowane mai ajiya har zuwa miliyan 1 da jika 400, idan kuma ƙaramar cibiyar ajiya da bashi ce, har zuwa jika 300. Ajiyar mafi yawan tsofaffinmu ba ta kai wannan adadi ba. Masu tsoron riba kuma su sani cewa asusun yau da kullum ba ya haihuwar kuɗin ruwa, sannan akwai Bankin Musulunci na Nijar, kuma tun 2018 BCEAO ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi bisa tsarin Musulunci.

Wakilci: amana ko ƙofar ɓarna?

Hanyar da doka ta buɗe wa wanda ba ya iya zuwa banki ita ce wakilci. Mai asusu, yana cikin hankalinsa, ya rubuta cewa ya wakilta wane ya riƙa cire masa kuɗi, a tabbatar da sa hannun a hukumance, banki ya karɓi katin wakilin da sa hannunsa. Asusun na tsoho ne, kuɗin nasa ne, kuma yana iya soke wakilcin duk ranar da ya ga dama. Wannan ya sha bamban da abin da iyalai da yawa ke yi don gudun wahala, wato ɗa ya buɗe asusu da sunansa ya ce a riƙa zuba kuɗin baba a ciki. Ranar da ɗan ya riga uban rasuwa, kuɗin sun shiga gadon ɗan. Ranar da aka bi ɗan bashi, ana iya kama kuɗin. Ranar da uban ya rasu, sauran magada ba su da wata takarda da za ta nuna nawa ne nasa.

Dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: ba kowane mai jinya ne mai amana ba. Kowa a garin nan ya san labarin gidan da katin cire kuɗin tsoho da lambar sirrinsa ke aljihun ɗa guda, ana cewa ana sayen magani, alhali babur ake saya. Haka kuma kowa ya san ɗiyar da ta bar sana'arta ta yi shekaru tana wanki da ɗauka, ranar rabon gado ƴan'uwan da ba su taɓa kwana a asibiti ba suka tsare ta da tambayar ina kuɗin baba. Asusu da sunan tsoho, da wakilci a rubuce, da takardar bayanin banki da kowane ɗa zai iya gani, suna kare tsoho daga maci amana, suna kuma kare mai amana daga zargi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zango da kanta unguwar fatake ce, inda ayarin da ke ratsa hamada ke sauka tun zamanin Sarki Tanimu, kuma ajiya a hannun mai masauki da shaidu ita ce ta riƙe wannan kasuwanci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, har ta yi maganar wanda rauni ya hana shi yin shifta da kansa, ta ɗora wa waliyyinsa yin hakan bisa adalci. Saboda haka wanda ya ce rubutu tsakanin uba da ɗa rashin yarda ne, bai fahimci al'adarmu ba, bai kuma fahimci addininmu ba.

Abu biyu ya kamata kowane wakili ya riƙe. Na farko, wakilci yana faɗuwa da zarar mai asusu ya rasu. Duk kuɗin da aka cire bayan rasuwa dukiyar magada ce aka taɓa, kuma banki zai rufe asusun har sai an kawo takardar rasuwa, da ta gado, da ta zaman iyali da ta nuna wanda aka wakilta. Na biyu, wanda ruɗewar tsufa ta riga ta kama ba ya iya ba da wakilci, ko da an kama yatsansa an dangwala. A irin wannan hali hanya ita ce kotu, wadda za ta naɗa mai kula da dukiyarsa bayan shaidar likita da jin ta bakin dangi. Shi ya sa ake son a yi wannan shiri tun tsoho na gane mutane, domin tun ran gini ran zane. Kuma a sanar da iyali cewa asusun yana nan, saboda dokar ƙasashen UEMOA ta tanadi cewa asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa BCEAO, inda magada za su bi sawu, in sun san da shi.

To wayar salula fa?

Wasu za su ce me ya kai mu banki, ga Airtel Money, ga Moov Money, ga Zamani Cash, ga manhajojin kamfanonin aika kuɗi? Gaskiya ne sun rage wahala ƙwarai, kuma wakilansu sun kai inda banki bai kai ba. Tun a 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta gwada raba tallafi ta waya a ƙauyukan jihar Tawa, aka ga matan da suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi. Amma waya ba ta warware matsalar tsohon da ke kwance ba. Layin ma sai da katin shaida ake yi masa rajista, don haka sau da yawa da sunan jika yake. Tsohon da ido ya yi rauni ba ya karanta saƙo, lambar sirri kuma dole ya gaya wa wani. Ga ƴan damfara masu kira su ce an yi kuskuren turo kuɗi a mayar musu. A banki aƙalla akwai takardar da ta ambaci sunan wakili, a waya kuwa duk wanda ya riƙe ta ya san lamba shi ne mai kuɗi.

Yadda wasu suka yi

A Faransa, inda aka kafa haƙƙin mallakar asusu tun 1984, ƙin banki ɗaya ya isa mutum ya kai kuka babban bankin ƙasar a nuna masa inda za a buɗe masa. A nan sai uku, kuma wane banki ne zai ba tsoho takardar shaidar cewa ya ƙi shi? Yawanci da baki ake cewa a dawo da takarda kaza. A Najeriya, babban bankin ƙasar ya kasa asusu hawa uku tun 2013, hawan farko da ƴan bayanai kaɗan ake buɗe shi amma an ƙayyade kuɗin da zai ɗauka, ko da yake daga ƙarshen 2023 an wajabta haɗa shi da lambar BVN ko NIN. A Indiya, shirin Jan Dhan da aka fara a 2014 ya buɗe asusu fiye da miliyan 500 cikin shekaru tara, ba tare da sharaɗin ajiye ko sisi ba. Darasin dai ɗaya ne: tsohuwar da ke karɓar jika 20 ba ta da haɗarin da ɗan kasuwa mai juya miliyoyi yake da shi, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba.

Abin da ya kamata a yi

Ga bankuna da ƙungiyarsu ta APBEF, muna kira da kowane reshe a Damagaram ya keɓe ma'aikaci da rana guda a mako domin zuwa gida ko asibiti, ya ga tsoho da idonsa, ya karɓi dangwalensa a gaban shaidu biyu. Bankunan da ke aika ma'aikata kasuwar Dole neman ƴan kasuwa ba za su kasa shiga lungun Birni ba. A fassara muhimman sharuɗɗa zuwa Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a liƙa jerin ayyuka 19 na kyauta inda kowa zai gani, kuma a yafe kuɗin cakin kanta ga wanda ba ya iya amfani da wata hanya.

Ga BCEAO, wanda ke da reshe a nan Damagaram, ya kamata ya fito ya bayyana wa jama'a ta gidajen rediyo yadda ake kai kuka idan an hana mutum asusu, ya kuma tilasta wa bankuna ba da takardar ƙi a rubuce. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da shi da babu duk ɗaya.

Ga hukumomin shari'a da magadan gari, zaman kotun tafi-da-gidanka da ake yi domin ba yara takardun haihuwa a faɗaɗa shi ya haɗa da tsofaffi, tare da masu unguwanni da fadar Sarkin Damagaram, waɗanda suka san kowa da asalinsa. Su kuma CNSS da CARENI, duk lokacin da ake neman shaidar cewa mai fansho na raye, a je wa marasa lafiya har gida maimakon a ɗauko su.

Ga mu ƴaƴa da jikoki kuwa, aikin ya fi yawa a kanmu. Mu duba katin iyayenmu tun bai mutu ba, mu gyara saɓanin suna tun suna iya magana da bakinsu, mu adana takardun saƙon kuɗi. Idan fansho ne, a tambayi nawa banki ke yanka duk wata kafin a zaɓa, idan kuma ajiya ce kawai, asusu mai littafi ya fi sauƙi. A zauna da dukan ƴan'uwa, maza da mata, tsoho ya faɗi wanda ya yarda da shi da bakinsa, a rubuta. Wakili ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya cire da abin da ya saya. Kuma ko an yi wakilci, a riƙa gaya wa mai kuɗi abin da ya shigo, a damƙa masa wani abu a hannunsa, domin dattijon da ya saba ba jikoki na alewa da yin sadakar Juma'a, ranar da ya koma sai ya roƙa daga cikin kuɗinsa, ciwon da ke ransa ya fi na jikinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.